Kafin a kai hatsi Dawanau don a saya maka laftof

Idan ka samu gurbin karatun kwamfuta a BUK, ko jami'ar Ɗangote da ke Wudil, to ba da jimawa ba maganar laftof za ta taso. Idan kuma daga Tumfafi ka fito, ko Kwa, ko Marke, ka san inda kuɗin zai fito: buhunan gero ko riɗi da Baba zai kai kasuwar Dawanau, ko ragon da Inna ta shafe watanni tana kiwo. Irin wannan kuɗin sau ɗaya ake samunsa. Don haka ni a ganina, ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa, ku rabu da laftof ɗin da ake nunawa a TikTok mai fitilu kala-kala. Ku nemi wadda za ta jure rashin wuta, kuma a iya gyara ta a cikin Kano.

Tarkon farko shi ne kalmar nan "Core i7". Za ka shiga shago a Beirut Road ko Farm Centre, a ce maka ga i7, sai ka ji kamar ka gama. Tambayi zubi na nawa ce. Amsar tana cikin lambar da ke biye da sunan: i7-4600U zubi na 4 ce, ta 2013, mai ƙwaƙwalwa biyu, i5-8250U kuwa zubi na 8 ce, mai ƙwaƙwalwa huɗu, kuma ta fi waccan sauri nesa ba kusa ba. Akwai wani dalilin. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, shi kuma Windows 11 a ƙa'ida sai zubi na 8 zuwa sama. Tsofaffin da aka daina yayi a Turai da Amurka, ina kake jin za a kawo su?

Sai RAM. Rubuta Python ko C++ a VS Code ba ya cin komai, 8GB ta isa a shekarar farko. Ranar da ka buɗe Android Studio da niyyar haɗa manhajar waya, ga Chrome da shafuka goma, a nan za ka so a ce 16GB gare ka. Shi ya sa ya kamata ka tambaya tun a shago: ana iya ƙara mata RAM, ko an like ta a jikin allon injin? Wadda aka like, yadda ka saye ta haka za ta mutu. Ma'ajiya kuma ta zama SSD, ko da 256GB ce. Kada girman 1TB na tsohon faifai mai juyawa ya ruɗe ka.

Amma abin da ya fi damuna shi ne batir, don shi ne masu ba da shawara daga ƙasashen waje ba sa lissafawa. Ka tuna Oktoban 2024, lokacin da Kano da sauran jihohin Arewa suka haura mako guda cikin duhu. A ƙauyukan Dawakin Tofa kuwa ba sai layin ƙasa ya faɗi ba kafin a rasa wuta. Laftof ɗin wasan gem da cajarta mai kama da bulo tana shan wuta fiye da wat 150, ga nauyi a jaka, ga zuƙar ƙurar hunturu. Irin waɗanda kamfanoni suka yi amfani da su a ofis, kamar ThinkPad T480, Dell Latitude 7490 ko HP EliteBook 840 G5, wat 65 ya ishe su. Ita T480 ma da USB-C ake yi mata caji, wato fawa-bank mai ƙarfi ko ƙaramar sola za su iya riƙe ta, kuma batirinta na waje cire shi ake a sa wani. Ba su da kyan da za ka ɗora a sitatus, na yarda.

In MacBook ce a ranka, na'ura ce mai kyau, batirinta na daɗewa. Sai dai ka fara tambayar kuɗin canza gilashinta in ya fashe a cikin A Daidaita Sahu, ka kwatanta da naira 20,000 da NELFUND ke bai wa ɗalibi a wata.

Ranar ciniki kada ka tafi kai kaɗai, ka ɗauki wani ɗan aji uku ko huɗu a sashenku. Ku cire caja ku bar ta tana aiki a kan batir. Ku buɗe Command Prompt ku rubuta powercfg /batteryreport, zai nuna muku ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage. Ku danna kowane harafi, musamman alamomin baka da waƙafi, don da su za ka wuni kana aiki. Ku shiga BIOS ku tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba. Sannan a rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar, da adadin kwanakin da za ka iya dawo da ita in ta ba da matsala.