Maƙerin da Sunansa Ya Zama Jita-jita

A Ostareliya, idan mutum ya kawo labarin ƙanzon kurege, sai a ce "furphy" ya kawo. Asalin kalmar sunan wani maƙeri ne, John Furphy, mai maƙera a garin Shepparton na jihar Victoria. Tun a shekarun 1880 gidansa ke ƙera tankunan ruwa da doki ke ja, da sunan gidan raɗau a jikin ƙarfen.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, an tara samari a sansanin Broadmeadows kusa da Melbourne ana ba su horo, irin waɗannan tankuna kuma na zagaya sansanin. Soja ya wuni yana fareti cikin ƙura, ya zo wajen tanki ya tarar da 'yan'uwansa cirko-cirko. Kowa so yake ya san yaushe za a tashi, kuma ina za a kai su. Hafsoshi sun yi gum. Mai koran dokin kuwa abin da ya tsinta a nan shi yake saukewa a can, kowane baki ya ƙara masa gishiri. Kafin a ankara, sunan da ke jikin tanki ya zama sunan duk maganar da ba ta da tushe.

Haka aka yi a Kinshasa zamanin mulkin Shugaba Mobutu. Kafafen yaɗa labarai na gwamnati ba su da aiki sai yabon shugaba, sai jama'a suka koma ga abin da suke kira "radio trottoir", wato rediyon gefen titi. Mu ma muna da rediyo mai jini, wanda ya tashi daga teburin mai shayi ya tare a WhatsApp.

Waɗannan sunaye duk abu guda suke shaidawa: jita-jita a gurbin shirun manya take tsirowa. Mutumin da ke cikin fargaba ba zai zauna jiran sanarwar gobe ba, abin da ya samu shi zai kama. Saboda haka shugaban da ke kukan labaran ƙarya ya fara duba kansa: da wuri ya yi wa jama'a bayani, ko sai da magana ta gama gari? Mu kuma masu sauraro, kafin mu tura saƙo gaba, mu tambayi wanda ya kawo shi: ka gani da idonka, ko kai ma ji ka yi? Hausawa sun riga sun yanke hukunci, gani ya kori ji.