Tanda Ɗaya, Waina Iri-iri

Yau za mu ba ku labarin kuskuren da ya ci mana maki, don kada wata rana ya ci naku.

A zangon da ya wuce aka ba mu aikin rukuni na haɗa manhajar waya. Mu uku, duk 'yan cikin ganuwa, muka zaɓi yin jagorar birnin Kano. A ƙasan allo muka jera shafuka uku, kamar yadda kuke gani a WhatsApp. Na farko na ƙofofi ne, irin su Na'isa da Kabuga da Ɗan'agundi. Na biyu na kasuwanni, kamar Kurmi da Rimi. Na uku na wuraren tarihi: Dala, Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tana nan tun 1498.

Fasalin shafukan ɗaya ne: hoto, suna, taƙaitaccen bayani. Saboda gaggawa, muka rubuta na ƙofofi, muka kwafe shi sau biyu. Daga baya muka lura harafin ƙ ba ya fita daidai. Muka gyara shafi biyu, muka manta na uku. Ranar gabatarwa, nan malam ya fara taɓawa. Garin gaggawa muka haifi nawa.

Maganin yana wajen mai wainar unguwarku. Tandarta ɗaya ce. Ƙullun take sauyawa, yau na shinkafa, gobe na gero. Haka ya kamata mu yi: a gina allo guda, kowane shafi ya miƙa masa nasa jerin bayanan. Idan an taɓa ƙofofi, a zuba masa ƙofofi. Idan kasuwanni ne, a zuba kasuwanni. Gyara ɗaya ya wadatar da duka.

Wannan ba dabararmu ba ce. A 1999 Andrew Hunt da David Thomas suka yaɗa ƙa'idar cewa kada a rubuta abu guda a wuri biyu. React Native, wanda Facebook ya fitar a 2015, da Flutter na Google, duk a kan ƙananan ɓangarorin da ake maimaita amfani da su aka gina su.

Sai dai a kula da abu biyu. Na farko, kowane shafi ya riƙe nasa tunanin. Da muka sake ginin, in ka nemi Kurmi a kasuwanni, ka koma ƙofofi, sai ka tarar babu komai, domin kalmar ta biyo ka. Sai da muka ware wa kowanne ma'ajinsa. Na biyu, kada a tilasta. Shafin taswira bai yi kama da jerin hotuna ba, nasa allon daban. Ba a dama kunu a tanda.

Aikinku na makon nan ba ya buƙatar kwamfuta. Ku ari wayar yaya ko ta Baba, ku buɗe manhaja ɗaya, ku zana shafukanta a takarda. Ku ja layi ƙarƙashin abin da ya maimaitu, ku kewaye abin da ya sauya. Wanda ya iya rarrabe tanda da ƙullu ya fara tunani irin na maginin manhaja.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.