Tsutsar Haƙori: Kada Alƙalaminmu Ya Ƙara Mata Tsawon Rai



A makon jiya wata 'yar uwa ta turo min labarinta in duba mata. A babi na huɗu jarumar ta kwana tana juyi da ciwon haƙori. Da safe aka kai ta wurin mai magani, ya turara mata hayaƙi, tsutsotsi suka zubo a kwano, ta warke sarai. Rubutun ya yi armashi, amma na roƙe ta ta sake wannan fitowar. Ga dalilina.

Babu tsutsa a cikin haƙori. Turawa ma sun daɗe da wannan camfi, har likitan haƙorin nan na Faransa, Pierre Fauchard, ya yi watsi da shi a littafinsa na 1728. A 1890 wani likita Ba'amurke da ke aiki a Jamus, W. D. Miller, ya bayyana cewa ƙwayoyin bakteriya na baki ne ke mayar da sukari da ragowar abinci su zama asid, shi kuma asid ɗin ya ci haƙori. Fitacciya daga cikinsu ita ce Streptococcus mutans, wadda aka raɗa wa suna a 1924. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, balle a ce sun zubo a kwano.

Suna zaune ne a cikin dauɗar nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori. Duk lokacin da ka sha shayi mai sukari, ko lemon kwalba, ko ka tsotsi alawa, su ma sun samu nasu kason. Asid ɗin da suke fitarwa yana narkar da farin ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan. Yawu yana wanke shi yana gyara ɓarnar, amma yana bukatar lokaci. Shi ya sa yaron da ke tsotsar alawa ɗaya bayan ɗaya tun safe har dare ya fi shiga haɗari a kan wanda ya sha zaƙinsa tare da abinci sau ɗaya. A haka kogo ke samuwa, ya yi zurfi har ya taɓa jijiya.

Wani zai ce ai ƙagaggen labari ne, ba darasin kimiyya ba. Na yarda. Jarumarka tana da damar yarda da tsutsa, kakarta ma haka, domin haka mutanenmu da yawa suka taso. Abin da ban yarda da shi ba shi ne labarin da kansa ya gaskata maganar. Uwar da ta karanta ta ga jaruma ta warke, gobe ɗanta za ta kai.

A gidanmu na gani. An kai ƙanwata wurin wani mai cire tsutsa, bayan kwanaki ciwon ya lafa, kowa ya yi murna. Ashe jijiyar ce ta mutu, cutar kuma ta gangara saiwa. Bayan wata biyu kumatunta ya kumbura, aka kwana ba barci, ƙarshe sai cire haƙorin aka yi. Da an je asibiti da wuri, ciko kawai za a yi.

Ku duba, wannan ma ai ya fi zama labari: murnar ƙarya, kumburin da ya biyo baya, da uwar da ke cizon yatsa. Gaskiyar ba ta rage wa labari daɗi ba, ƙara masa nauyi ta yi.

Don haka kafin ka sa cuta a labarinka, tambayi ma'aikacin lafiya yadda take. Ka bar jarumanka su riƙa yin aswaki, su goge baki da man da ke da fuloraid safe da dare, kamar yadda kake barinsu su yi kwalliya.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya rubuta fitowa ɗaya ta mai ciwon haƙori, ba tare da tsutsa ta yi nasara ba. Ina jiran naku.