Ra'ayinmu: Wa zai ɗauki nauyin korarrun Mayot?

Idan ba a manta ba, a watan Afrilun 2023 ne Faransa ta jibge jami'an tsaro kimanin 1,800 a tsibirin Mayot da ke tekun Indiya, domin rushe gidajen kwano da kuma korar waɗanda ba su da takardu. Akasarinsu 'yan ƙasar Komoros ne, wadda jama'arta ba su kai miliyan ɗaya ba. Ran 24 ga watan, hukumomin Komoros suka hana jirgin ruwan da ya ɗauko korarru tsayawa a tashar Mutsamudu. Ba a kai wata guda ba jigilar ta dawo.

Asalin rikicin sananne ne. Tsibiran huɗu 'yan uwan juna ne, addini ɗaya, auratayya tun kaka da kakanni. Uku suka karɓi 'yancin kai a 1975, Mayot ta zauna ƙarƙashin Faransa. A 1995 aka ƙaƙaba biza, sai mutumin Anjuwan da ke zuwa fatauci ko duba dangi a tazarar kilomita 70 ya wayi gari baƙon haure. Wanda ya saba cin kasuwar Jibiya ko Illela ya san yadda layin Turawa ke raba wa da ƙane.

A shekaru da dama Faransa ta kori fiye da mutum 20,000 a shekara daga wannan tsibiri kaɗai. Ana sauke magidanci a Anjuwan da rigar jikinsa, ba aiki, ba jari, kuɗin da yake aiko wa gida ya yanke, sau da yawa 'ya'yansa na can baya ba mai kula da su. Ƙasar da ta dogara da kanumfari da 'yan kuɗin da 'ya'yanta ke aikowa, ina za ta kai su? Wasunsu bashi suke ci su sake hawa ƙaramin kwalekwalen da ake kira kwasa-kwasa. Rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta cewa mutum 7,000 zuwa 10,000 sun halaka a wannan mashigi tun 1995.

Gaskiya ne mutanen Mayot ma na kuka da cunkoson asibiti da makarantu, kuma kukansu na da tushe. Amma ƙarfi ba ɗaya ba. Da Komoros ta ƙi karɓar korarru a 2018, Faransa ta daina bai wa 'yan ƙasar biza har sai da suka sassauto. A 2019 aka yi musu alƙawarin Yuro miliyan 150 na ayyukan raya ƙasa, da sharaɗin su tare kwalekwale su kuma karɓi mutanensu.

Mu a wannan jarida muna ganin kuɗin nan ya kamata ya isa hannun korarrun kansu, a matsayin jari da sana'a a Anjuwan. A kuma samar da takardar shiga da fita mai sauƙi ga 'yan kasuwa da marasa lafiya, sannan a daina korar uwa a bar jaririnta a wancan tsallaken.