Waƙa a Bakin Mai Ita, Hukunci a Kunnen Mai Sauraro

Gabatarwa

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wannan magana gaskiya ce, amma ba ta ƙare zancen ba, gama ba mai waƙa ne ke yanke hukuncin daɗinta ba, mai sauraro ne. Ƙungiyoyin Hausa na jami'o'i da kwalejoji sukan shirya Makon Hausa, kuma a cikinsa akan keɓe dare guda domin fito da ɗalibai masu basirar kiɗa da waƙa. Akan tara kuɗi, a ɗauko hayar lasifika, a manna takardun sanarwa, a yi taro a watse. Abin da ba a cika yi ba shi ne komawa ga waɗanda suka halarta a ji ta bakinsu. Wannan takarda za ta nuna cewa sakacin nan ya saɓa wa al'adar kiɗan Hausa ita kanta, kuma shi ke sa ana maimaita kuskure ɗaya shekara da shekaru.

Makaɗi da Taronsa

Makaɗin Hausa bai taɓa zama shi kaɗai a fage ba. Ban da 'yan amshi da masu kiɗa da sanƙira, akwai jama'ar da ta kewaye shi, ita ma tana da baki a cikin waƙar. Liƙin kuɗi da guɗar mata da jinjinar maza da tashin 'yan rawa duk amsa ce. Shiru ma amsa ce. In makaɗi ya ga mutane sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ya san ɗan waƙar da ya kawo bai zauna ba, sai ya koma gindin waƙa, ya sake dabara tun fage bai yi sanyi ba.

Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, shi ne babban misali. Nan take yake ƙaga waƙa a gaban jama'a, yana duban wanda ke wurin da halin da taro ke ciki. Ko Bakandamiyarsa ba ta da siga ɗaya tak, yakan ƙara wasu ɗiya ya rage wasu gwargwadon wuri da lokaci. A kansa ne Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, sa'an nan a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Amma fa jami'a daga baya ta zo. Mutanen kasuwa da na gidajen biki su ne suka fara ba kalangunsa shaida.

Haka abin yake ga sauran rukunonin makaɗa. A fagen dambe, inda Ɗan Anace ya yi suna, in kiɗa bai tsuma ɗan wasa ba kowa zai gani da idonsa. A fada kuwa, inda irin su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suka buga kotso, akwai fadawa da suka san asalin gidan sarauta ciki da bai, makaɗin da ya rikita sunayen kakanni ba zai kwana bai ji ba. Da gidan rediyon Kaduna ya kafu a 1962, sai wannan hukunci ya sami wata hanya, watau wasiƙun da masu sauraro ke aikawa shirye-shiryen zaɓi sonka, inda waƙar da ta shiga ran jama'a ke bayyana kanta.

Inda Ɗalibai Ke Yin Tuntuɓe

Cuta biyu ce ke damun masu shirya daren kiɗa na ɗalibai. Ta farko ita ce ɗaukar tafin abokai a matsayin shaida. Ɗalibi mawaƙi yakan hau dandamali da 'yan ajinsu da 'yan garinsu a sahun gaba, su yi ta sowa tun bai buɗe baki ba. Wannan zumunci ne, kuma zumunci abin so ne, amma ba ma'auni ba ne. Ma'aunin yana can sahun baya, wurin mutumin da bai san mawaƙin ba, wanda ba abin da ya zaunar da shi sai waƙar.

Cuta ta biyu ita ce kiran kowace suka hassada. Da zarar wani ya ce an yi kuskure, sai a ce ɗan adawa ne da ya sha kaye a zaɓen ƙungiya. Alhali kuwa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Koke-koken da mahalarta kan yi a hanyar komawa ɗakunan kwana ba ɓoyayyu ba ne. An sanar da ƙarfe takwas, ba a fara ba sai goma ta gota, har ɗalibai mata da dama suka tashi kafin a kai ga abin da ya kawo su. Jawaban manyan baƙi sun cinye rabin dare. Ƙarar fiyano ta danne murya, ba a jin kalmomi, alhali waƙar Hausa a kan magana ta dogara. Mafi muni, wani mawaƙin yakan sa a kunna waƙar da aka ɗauka a situdiyo, na'ura ta riga ta goge muryar, shi kuwa yana motsa baki kawai. Wanda ya yi haka ya toshe wa kansa hanyar koyo, domin ba zai iya sauya ko kalma ɗaya ba, ko da ya ga taro yana hamma.

Asarar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce. Kuɗin da aka kashe na 'yan ƙungiya ne, waɗanda suka rage daga kuɗin abincinsu. Mawaƙin da aka yi niyyar ɗagawa ya koma da aibinsa bai sani ba. Wanda kuma ya zo bana ya ga shirme, baɗi ko da goron gayyata ba zai zo ba.

Shin Jama'a Za A Bi Ido Rufe?

Wani na iya cewa ɗalibin jami'a jagora ne, bai kamata ya bi son ran taro ba, gama taro na iya neman zambo da batsa da kiɗan rawa zalla, ya ƙi kukuma da gurmi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai sauraro daban, biyayya daban. Mai magani yakan saurari kukan majiyyaci da kyau, amma ba majiyyaci ke zaɓar sassaƙe ba. In mahalarta suka ce kiɗan gargajiya ya gundure su, aikin kwamiti ne ya bincika dalili: wataƙila an ajiye shi ƙarshen dare bayan kowa ya gaji, ko kuwa ba a sa masa makirfo yadda ya kamata ba. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya yake riƙe babban taro yana yi masa wa'azi a kan zaman duniya. Ashe ba faɗakarwa jama'a ke gudu ba, rashin gwaninta suke gudu.

Shawarwari

Na farko, kwamiti ya baza mutum uku ko huɗu cikin taro, su lura da lokacin da aka natsu da lokacin da aka fara hira ko fita. Na biyu, a raba 'yar takarda mai tambayoyi kaɗan wadda ba a sa suna, domin kunya takan hana Bahaushe faɗar aibi gaba da gaba. Na uku, kafin ranar taro a yi gwaji a gaban mutane kaɗan, ciki har da malamin adabi da wani makaɗi na cikin gari, su duba kari da amshi da zaɓen kalmomi. Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci, a rubuta abin da aka gano a littafin ƙungiya. Shugabannin ɗalibai shekara guda suke yi su sauka, in ba a bar rubutu ba, sababbi za su faɗa ramin da tsofaffi suka faɗa.

Kammalawa

Ɗalibin Hausa yakan kwashe shekaru yana nazarin yadda makaɗan baka ke hulɗa da jama'arsu, ya rubuta a jarrabawa ya ci maki. Abin kunya ne a ce ranar da aka ba shi fage ya manta da darasin. Laifi tudu ne, mai shi ba ya ganin nasa sai an nuna masa, kuma ba mai nuna wa makaɗi nasa kamar wanda ya zauna ya saurare shi. Allah ya ba masu shirya Makon Hausa na gaba kunnen ji da zuciyar karɓar gyara, amin.