Camfin Ran Ɗaya ga Mayu a Ƙasar Ailan

Ɗalibai da yawa suna zaton camfi kayan Afirka ne kaɗai. Ba haka ba ne. Mu dubi Ailan, ƙasar da ta aiko mana fadoji da sistoci masu yawa. A can lokacin ɗumi yana kamawa ne ran 1 ga Mayu, ranar da suke kira Byaltana. A da sukan hura wuta biyu su kora shanu ta tsakiya domin tsari daga cuta. Sukan watsa furanni masu ruwan ɗorawa a bakin ƙofa don kada aljanu su shiga, 'yan mata kuma su wanke fuska da raɓar asuba wai don kyau.

Raɓa da fure ba su cuci kowa ba. Wanda ya dame mu shi ne camfin man shanu. Ran nan ba a ba maƙwabci garwashi, ko gishiri, ko nono, wai zai tafi da albarkar gidan ta shekara. In an kaɗa nono mai bai tashi ba, sai a ce wata tsohuwa ce ta rikiɗa zomo ta tatse shanun da asuba. Wace tsohuwa? Sau da yawa wadda ba ta da mai tsaya mata. Mu ma mun san irin wannan magana a garuruwanmu, mun kuma san gwaurayen mata da aka kira mayu aka kora daga gida don yaro ya yi zazzaɓi. Mutanen Ailan Kirista ne tun ƙarni na biyar, amma tsoron maƙwabci ya daɗe tare da yayyafa wa shanu ruwan albarka. Ashe baftisma ba ta kan kawar da zargi a rana ɗaya.

Yaya aka san waɗannan al'adu dalla-dalla? Daga 1937 zuwa 1939 'yan makaranta fiye da 50,000 a Ailan suka zauna gaban kakanninsu suka rubuta abin da suka ji, littattafan kuwa suna nan a ajiye a Dablin. A ganinmu wannan aiki ya fi ƙyama da ba'a amfani, gama abin da aka rubuta ana iya auna shi a aji, a ware na wasa da mai cutarwa. Muna roƙon kowane ɗalibi ya tafi dogon hutu da littafi guda, ya tambayi kakarsa abin da ake yi da wanda ake hanawa ran da ruwan farko ya sauka.