Ra'ayinmu: A Duba Irin Dankali Kafin a Raba

'Yan'uwa, mun san halinmu idan noman rani ya gabato: wanda yake da yaɗon dankali yakan yanko wa wanda ba shi da shi, ba a maganar kuɗi. Hali ne mai kyau, ba mu so ya mutu. Amma akwai abin da ya kamata mu faɗa wa juna kafin a fara rabo a Jangebe, Talata Mafara, Bakura da Maradun.

Akwai cutar dankalin Hausa da masana suke kira fusariyum. Wata irin funfuna ce da take zaune cikin ƙasa. Takan shiga ta saiwa ko ta bakin yanka, ta toshe hanyar da ruwa yake bi zuwa ganye. Tsofaffin ganyaye su fara yin rawaya, shukar ta yanƙwane ko da an ba ta ruwa. In an tsaga jikinta, sai a ga cikin ya yi duhu. Feshi ba ya warkar da wadda ta kamu, cutar kuwa tana iya shekaru a gona.

Tana bin yaɗon da aka yanko, da ƙasar da ta manne a fartanya, da ruwan ban-ruwa. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, gonakin wannan yanki suke shan ruwa a jere, saboda haka sakacin mutum ɗaya yana iya isa ga maƙwabcinsa. 'Yan'uwanmu na Bokkos da Mangu sun ga yadda wata cuta dabam ta cinye dankalin Turawa a 2022. A nan ma, gona ɗaya in ta lalace, kuɗin makarantar yara ne ya tafi.

Saboda haka muna roƙo: a yanki iri daga kan yaɗo mai lafiya, nesa da ƙasa. Shukar da ta kamu a tuge ta a ƙone, kada a jefa a magudana. A wanke fartanya kafin a shiga wata gona. Inda cutar ta ɓulla, a sa masara, dawa ko shinkafa na wasu shekaru, a kuma kira malamin gona ya duba.

Dattawa, ku tunatar da jama'a. Wanda ya ga alamar a gonarsa ya faɗa, ba abin kunya ba ne. Gara ya ce wa ɗan'uwansa bana ba iri, da ya ba shi abin da zai ɓata masa gona.